Ummaru Mai Hoton Rudu

A Danwarai idan ka ce kana neman Malam Ummaru, sai an tambaye ka wanne, don Ummaru sun yi yawa a garin. Amma ka ce Ummaru Mai Hoto, ko mai tallan ƙosai za ta nuna maka gidan da baki. Sunan bai daɗe ba. Mutumin ya yi shekara arba'in yana noman albasa, ba wanda ya taɓa ce masa Mai Albasa, sai da ya kai hamsin da takwas ya jawo wa kansa wannan. In aka kira shi da sunan dariya yake yi, ya ce ai an yi masa adalci, don a duk ƙasar Aliero babu wanda ya kai shi yawan hotuna marasa amfani.

Dogo ne siriri, mai saurin tafiya da jinkirin magana. Dashe da ban ruwa sun mayar da yatsunsa kamar busasshen rogo, har wayar da ya sayo a kasuwar Jega ba ta yarda yatsan mutum ne yake taɓa ta ba. Sai ya danna sau biyu, sau uku, wani lokaci ya lashi yatsan ya goge a riga, sannan ta amsa. Ya saye ta ne don jin labarin kasuwa daga ɗansa na biyu, Murtala, da ke sayar da albasa a Legas. Hoto bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Malam Ummaru yana da 'yar fari, Zinatu, kuma shi mutumin da ne a kan alkunya. Tun ranar suna bai taɓa kiran sunanta ba. Bai taɓa ɗaukarta ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, bai taɓa duban fuskarta ido da ido ba. Haka ubansa ya yi masa, don shi ma ɗan fari ne, kuma bai ga ya mutu ba. Da aka yaye ta aka kai ta Alelu wurin kakarta ta wajen uwa, can ta girma, shi ya sa a gidan idan dole ta kama sai a ce Ta-Alelu. Sai da ta shiga jami'a a Aliero ta dawo gidan ubanta, don ya fi kusa. Kullum da safe za ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, kanta a ƙasa, shi kuma ya amsa wa bango. Uwarta Dije ta fi shi ma. Idan za ta ba ta abinci sai ta ajiye kwanon ta ce wa iska, "Ga tuwo nan, in akwai mai ci."

Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Malam Ummaru ya san takun sawunta a cikin na mutum goma. Ya san tarinta. Ranar da ta yi zazzaɓi ya je kemis har sau uku yana sayen maganin da ya ce na Dije ne, Dije kuwa tana tsakar gida tana daka da ƙarfinta. Abin da bai sani ba shi ne fuskarta. Da za a ce ya zana ta, sai dai ya zana hijabi.

To ana cikin cire albasa a watan Maris sai labari ya zo, ta bakin Dije, ita ma tana kallon tukunya. Ta-Alelu ta samu gurbin ƙaro karatu a Indiya, shekara uku, kuma abin da za ta karanta shi ne yadda ake adana albasa kada ta ruɓe. Za ta tafi farkon Satumba.

"Indiya," in ji Malam Ummaru. "Ga rudu bakin zaure, sai an tahi Indiya a koyo shi?"

Rudu dai shimfiɗar itace ce da kara da ake ɗagawa daga ƙasa, a jera albasa a kai, a lulluɓe da ciyawa, ta zauna tana shan iska har damina ta yi nisa. Nasa yana daidai bakin hanyar da ta fito daga zaure ta nufi titi. Ya yi wannan ba'a ya fita, amma a gona ya kasa aiki. Shekara uku ba kwana uku ba ne, ga shi likita ya ce masa jininsa yana hawa. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron kada ta tafi ko shi ya tafi, bai san kamannin 'yarsa ba.

Allah da ikonsa, da sallah Murtala ya zo gida ya ɗauki 'yan'uwansa hoto, bayan ya koma ya tura wa kowa, har da ubansa. Hoton ya shigo Malam Ummaru yana majalisa a gindin dalbejiya, kusa da amininsa Tukur. Tukur tela ne, kuma bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Kafin mai waya ya gane abin da ke ciki, Tukur ya riga ya leƙo.

"Ummaru, wagga ta tsakiya ba ɗiyakka ta hwari ba ta? Ita kaka aje cikin waya kana kallo? Lalle zamani ya zo Danwarai."

Majalisa ta ɗauki dariya. Malam Ummaru ya janye wayar.

"Ni ban san da ita ba. Yaron ga na yat turo, ban ko duba ba."

Don ya nuna musu shi ɗan halak ne, ya ɗaga wayar sama kowa yana gani ya goge hoton. Wayar nan da sai an roƙe ta sau uku, ranar dannawa ɗaya ta yi. Labari ya kai Legas kafin la'asar, Murtala ya rantse ba zai ƙara tura wa Baba irin wannan ba, sauran yaran ma suka kiyaye. Malam Ummaru ya koma gida yana ce wa kansa, kai dai Ummaru an yi sakarai, Allah ya kawo maka har aljihu ka kore shi don Tukur.

Roƙa ba zai iya ba, don wanda bai iya faɗin suna ba ina zai iya cewa a ba shi hoto. Ya kwana biyu yana saƙa da warwara, har ya samo dabarar da a lokacin ya ga ko alƙali bai isa ya yi irinta ba. Zinatu tana taimakawa a gonar gwaji ta jami'a kafin tafiyarta, kuma kullum ƙarfe bakwai da rabi take fitowa ta wuce ta gaban rudu. Shi kuwa mai rudu ai yana da ikon ɗaukar rudunsa hoto. Idan wani ya ratsa ta gaba, wannan ba laifinsa ba ne, ƙaddara ce.

Ya sanar a majalisa cewa daga yau zai riƙa ɗaukar rudu hoto guda kullum, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, don ya ga yadda albasa take ramewa. Tukur ya ce a duba mutumin nan ko rana ta taɓa shi. Dije ta ce, "Malam, mi kaka ɗauka ga rudu kullum? Ko albasa ta hwara canza kaya?"

"Bincike nika yi," ya ce mata, ya gyara hula.

Ya samu wani dutse ya kafa a inda zai riƙa tsayawa. Ranar farko ya fito tun bakwai, ya ɗaga waya, ya saita hanya a tsakiya, rudu a gefe. Ya ji takunta a zaure. Sai takun ya tsaya. Ya jira, ya jira, hannu ya fara ciwo. Da ya gaji ya danna ya sauke, sai ga ta ta fito da sauri ta wuce, ta ce, "A gahwarce ni, Baba."

Abin da gwanin dabara ya manta shi ne yarinyar tana da tarbiyya. 'Yar da aka rena a Alelu ba za ta ratsa ta gaban ubanta yana aiki ba. In ta ga waya a sama sai ta tsaya cikin zaure ta jira. Ya gwada yin kamar ya gama, ya sauke, in ta fito ya ɗaga da sauri, amma kafin wayar ta yarda da yatsansa ta kai titi. Ya gwada juya baya kamar yana duba kaji, sai ta zagaya ta bayan rudu don kada ta dame shi. Wata rana ya makara da gangan, ita kuma ta tsaya a zaure kusan minti goma tana jiran Baba ya zo ya yi bincikensa tukuna. Ladabin da ya yi shekara ashirin da huɗu yana alfahari da shi a majalisa, shi ya tsaya masa a wuya.

Haka zafin Afrilu ya wuce, ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa. Hotuna suka taru. Akwai akuya a guda goma sha ɗaya. Akwai Tukur a guda huɗu, yana washe baki, don ya gano lokacin ya riƙa zuwa. Akwai yatsan Malam Ummaru a wasu da yawa. Akwai ɗaya da ya kama gefen hijabi ruwan toka da diddige guda, wannan ya fi buɗe shi a gona idan ba kowa. Mutanen garin Kashin Zama da ke wucewa kan babur suka fara rage gudu suna ɗaga masa hannu, a nan sunan Mai Hoto ya bi shi. Wani malamin makaranta har ya yaba masa a bainar jama'a, ya ce ga manomi mai tunanin zamani, a yi koyi da shi. Malam Ummaru ya karɓi yabon da kai a sunkuye, aka ce tawali'u ne.

Abin haushi, ya fara iya aikin. Ya gane hasken safiya ya fi kyau idan an kwana da ruwa. Ya gane in ya ɗan rusuna hanyar takan fito doguwa, har a ga inda ta haɗu da titi. Ya zama gwanin ɗaukar hanyar da babu kowa a kanta.

Saura kwana uku tafiya, da safe bayan ta gaishe shi, Zinatu ba ta tashi ba. Ta yi magana tana kallon ƙasa.

"Baba, an ce ana ɗaukar rudu hoto tun sanda anka zuba albasa. In da hali a ba ni in kwahe. Za su yi mani amfani can makaranta."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya nemi dalilin hanawa ya rasa. Ya ce wa bango, "A ba ta," ya ajiye wayar a kan tabarma ya fice gona, ya wuni yana cire ciyawar da ya riga ya cire jiya.

Da la'asar Dije ta kawo masa wayar tare da furarsa. Ta zauna, abin da ba ta saba ba.

"An ce an gode. An ce rudun dai bai hito sosai ba."

"Waya ta ba ta da kyau."

"Tare munka duba, Malam. Rudu rabi, wani wuri ma kwata. Hanya ta a tsakiya."

"Hannuna na ka karkacewa."

"Kwana ɗari da hamsin da takwas hannu na karkata gehe guda?"

Ya ɗaga ƙwarya ya sha fura mai yawa don kada ya amsa. Dije ta jira ya gama. Ta ɗauki ƙwaryar ta fita.

Ranar tafiya gidan ya cika tun da sassafe. Gwaggwanni sun zo daga Alelu, maƙwabta sun fito, Tukur ma yana nan da carbinsa. Motar Bashar direba tana bakin titi, za ta kai ta tashar Jega inda za ta hau ta Abuja. Ba wanda ya sa ran uban zai yi rakiya, don ba a yi wa ɗan fari. Ƙarfe bakwai da rabi ya je ya tsaya a kan dutsensa ya ɗaga waya, ba don yana sa ran komai ba, sai don in bai yi ba mutane za su tambaya.

Ya ji takunta a zaure. Wannan karon takun bai tsaya ba. Ta fito da jakarta a kafaɗa, ta taho har tsakiyar hanya, daidai inda ya saba saitawa, ta tsaya. Ta ɗora hannu a kan ciyawar rudu ta ce wa uwarta da ke bakin zaure, "Inna, bari in duba albasar ga kahin in wuce, ko akwai wadda tal lalace."

Ba ta duba albasa ba. Ta ɗago kai ta kalli wayar. Ba ubanta ta kalla ba, waya ta kalla, shi ma ba 'yarsa yake kallo ba, gilashi yake kallo, don haka babu wanda ya karya al'ada. Ya ga doguwar fuska irin ta mahaifiyarsa. Ya ga wushirya. Ya ga wani ɗan tabo a kan girar hagu. Idanunta sun cika da ruwa amma tana murmushi. Ya tsaya yana kallo har sai da ya ji ɗaya daga cikin gwaggwannin ta yi gyaran murya. Ya danna sau ɗaya, ya tura wayar aljihu da sauri kamar ya ɗauko garwashi, don ba zai tsaya a gaban Tukur da matan Alelu yana duba hoton 'yar fari ba.

Ta zo ta durƙusa. Ya kalli Bashar direba ya ce, "Allah shi kiyaye hanya. A yi tuƙi sannu." Muryarsa ta ɗan karye a kan sannu, ya rufe da tari.

Ya daure har mutane suka watse, ya saɓa fartanya ya tafi gona. Bai tsaya a bakin gona ba, ya shige can cikin gero inda ba mai ganinsa, ya zauna a gindin wata sabara. Ya duba rana ya ƙiyasta yanzu sun bar Jega, ƙila ma sun wuce Maiyama. Ya goge hannuwansa a riga, ya yi bismilla, ya buɗe.

Hoton ƙarshe na jiya ne. Hanya, rabin rudu, da kaza tana tsallakawa. Ya ja gaba, babu. Ya ja baya, shekaranjiya. Ya kashe wayar ya kunna, ko tana ɓoye wani abu. Dannawa ɗaya ya yi, da wannan yatsa, kuma ya fi kowa sanin halin wayarsa.

Dariya ce ta fara zuwa masa. Ya yi ta har ya riƙe ciki, yana cewa Ummaru Mai Hoto, Ummaru mai bincike, wata biyar kana tsaye kan dutse. Daga nan dariyar ta juye, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa, shi kaɗai a cikin gero. Baƙin ciki ne tsantsa, kuma ba shi da wanda zai ɗora wa.

Da ya dawo da azahar ya tarar da Dije a bakin ɗakinsa, ba ta ko ɗora tukunya ba. Ta miƙo hannu tana kallon gefe.

"Malam, a ba ni in ga albasa ta yau."

Sai a lokacin ya gane ba shi kaɗai ya yi wata biyar yana jira ba.

"Ba ta kama ba, Dije."

Ta janye hannun a hankali ta zauna a dokin ƙofa. Can ya ce, "Ashe akwai tabo ga gira."

"Ta hagu. Tana shekara huɗu taf faɗi bisa turmi can Alelu."

"Ke ya anka yi kis sani?"

"In tana barci nika dubawa," in ji Dije, ta goge ido da bakin zane. "Kai na ba ka da wayo."

Ya yarda da wannan, bai yi musu ba.

Sati na zagayowa aka kwashe albasa aka loda a mota, rudu ya zama itace da kara kawai. Washegari ƙarfe bakwai da rabi Tukur yana wucewa ya tarar da shi a kan dutsen nan, waya a sama, yana danna ta sau uku a jere.

"Ummaru, albasa ta ƙare. Yanzu kuma mi kaka ɗauka?"

Malam Ummaru bai sauke wayar ba.

"Shekara ukku ta, Tukur. In Zinatu ta dawo, ta nan za ta biyo."

Sunan ya fito a fili, da safe, a bakin titi. Tukur ya dubi amininsa. Ya ɗaga kai sama ya ce da alama yau ma za a samu ruwa, sannan ya matsa gefe don kada ya tare masa hanya.